Shinkafa Mai Zanzana

Tunda ka ce ganyen gonarka ya yi tabo har kana jin kunyar masu wucewa, zauna ka ji. An yi wani manomi mai son yabo, gonar shinkafarsa na bakin hanyar kasuwa. Idan matafiya suka ce, "Kai, wannan gona ta yi kyau," ranar ko bai ci tuwo ba ya ƙoshi. Wata damina ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suka bi feshin ruwa suka shiga ganyen ta 'yan ƙofofin da yake numfashi da su. Shi ganye kuwa cikinsa 'yan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma. A wata shinkafar, ɗakunan da suka fara jin baƙon sai su rufe ƙofa, su ƙara wa bango kauri, na kusa da baƙon su bushe da gangan, yadda ake ƙone gefen gona don tare gobarar daji. Baƙo ya rasa ci, ya rasa hanya, ya mutu a zaure. Abin da ya rage ɗan tabo ne ja. Wata shinkafar kuwa mai kara ce, ba ta iya korar baƙo. Sai ta bar shi ya shige har ƙuryar ɗaki, ita tana nan kore shar abinta.

Gogan naka ya zo ya ga tabo, ransa ya ɓaci. Ya leƙa gonar maƙwabcinsa, ita ma haka, ya yi dariya ya ce, "Kai dai zauna da mai zanzana." Ya tuɓe riga, ya bi kunya-kunya yana tuge duk mai tabo, yana zuba wa jakinsa. Jaki bai taɓa ganin gata irin wannan ba. Ba a jima ba koren da ya bari ya fara rawaya daga baki, ya yi fari, ya kwanta. Matafiya suka koma wucewa suna kau da kai, abin da ya fi yunwa yi masa ciwo ke nan. Da kaka maƙwabci ya cika rumbu da mai zanzanar. Shi kuwa ya je roƙon iri, ya ɗoro a kan jakin nan, wanda ya yi ƙiba har yana tafiya da ƙyar. Duk gidan, jakin ne kaɗai ya ci amfanin gonar.

Don haka kafin ka tuge, duba ko tabon na wadda ta yi faɗa ta ci nasara ne. Hausawa sun ce, garin neman gira aka rasa ido.