Baba a Gindin Dalar Fir'auna

Wani hoton ya sake shigowa wayar Safiyatu tana kishingiɗe a ɗakinta a unguwar Zariya ta Maraɗi, kumburarrun ƙafafunta a kan matashi. Tana buɗewa ranta ya ɓaci. Ga mahaifinta, Malam Ilyasu, tsaye a gindin dalar Fir'auna da tsakar rana, babu ko inuwar kara. Ga ƙanenta Hamidu a gefensa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ƙanƙance ido.

Asibiti fa aka tura su, ba yawon buɗe ido ba. Zuciyar tsohon ce ta kumbura, likita ya ce sai a waje. Da yake Hamidu a Alƙahira yake karatu, shi ya zo ya tafi da shi. Safiyatu ce ta dage a kan tafiyar, domin tun rasuwar uwarsu wannan tsohon ne uwa, shi ne uba. Da ba don tsohon cikin da take ɗauke da shi ba, da ita za ta raka shi.

Tun da suka sauka ba ta ji muryarsa ba. Ta matsa a turo mata hoto, sai hotuna suka fara zuwa, ko ɗaya babu gadon asibiti a ciki. Shekaranjiya a kan ganuwar wani tsohon sarki, jiya a gaban gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Ta bincika a waya, ta ga zafin garin ya haura digiri arba'in, har ana gargaɗin tsofaffi kada su fita. Nan Maraɗi damina ce, gero ya yi kore shar, amma can an kai mai ciwon zuciya ana gasawa kamar masara.

Ta danna kira.

"Hamidu, mi ya taɓa maka kai? Kashe shi ka tahi yi?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Kin san ya daɗe yana son ganin wuraren nan."

"Ba ni shi."

"Barci yake."

Kullum barci, in ba barci ba matsalar rezo, wai layin waya ba ya kamawa, in ba rezo ba an shiga da shi gwaji. Amma ƙarfin yawo cikin rana bai taɓa ƙarewa ba! Shi ma tsohon bai tsira daga fushinta ba. Wane irin taurin kai ne zai sa mutum ya zuba babbar riga ta shadda a wannan zafi, irin wadda ya sa ranar aurenta, ya tsaya yana murmushi? Kowane hoto rigar nan, kowane hoto murmushin nan, kamar ba shi ne ake riƙewa ya hau moto ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu wanda ya taya ta jin haushi. Gwaggo Ramatu, ƙanwar tsohon, ta baro lambun zogalenta a Jiratawa ta tare a gidan, wai ta zo jiran haihuwa, alhali da saura. Idanunta kullum ja, ta ce hayaƙin murhu ne. In aka nuna mata hoto sai ta kau da kai.

Mijinta Idirisa kuwa kullum da sassafe sai ya wuce Tibiri, gidan tsohon, wai rufin ɗaki ke yoyo. In ya dawo ta fara masifa, maganarsa ɗaya ce: ta tuna abin da ungozomar asibiti ta faɗa, jininta ya hau, tashin hankali kaɗan zai iya tafiya da ita da abin da ke cikinta. Wata maƙwabciya ma ta shigo da sallama a sanyaye, ba ta kai ga zama ba Gwaggo ta ja ta waje.

Safiyatu ta ga dai kowa ya zuba ido Hamidu zai hallaka mata uba. Ta lallaɓa ta miƙe, ta zura hijabi. Tibiri za ta je da ƙafarta, ta nuna wa Baffa, yayan mahaifinta, wannan ɗanyen aiki, shi ya kira yaron ya ci masa mutunci.

Gwaggo ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ba inda za ki, ɗiyata. Zamna, don Allah."

"Gwaggo, ɗan'uwanki ne fa! Ciki ɗaya! Duba wagga rana, duba yadda shi yaron ya jiƙe, ina ga tsoho mai ciwo?"

Ta tura mata wayar har kusa da hanci, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton don Gwaggo ta ga wahalar da ke fuskar tsohon. Fuskar ta cika allon wayar. Babu ɗigon gumi ko ɗaya a goshinsa, idanunsa a buɗe tar, kamar mai tsaye a inuwa. Ta ja hoton ƙasa kaɗan. Gwaggo ta sulale a bakin ƙofa, ta rufe fuska da gyale tana salati, tana cewa Allah ya jiƙan Yaya Ilyasu, tun ranar da jirginsu ya sauka Alƙahira ya cika, aka yi masa sutura.

Safiyatu ba ta ɗago ba. A kan kafaɗar tsohon, inda Hamidu ya manta bai goge ba, ga yatsu huɗu da jan lalle da zoben azurfa, yatsunta ne, na ranar da ta dafa shi aka ɗauke su hoton aurenta.