Sunan da Ƙofa Ke Ji

Tun da aka kawo dokar ɗauri, kowane gida kalma ɗaya gare shi. Ita za ka faɗa famfo ya kawo ruwa, ita ke buɗe ƙofa, kuma da ita ake tura duk buƙatun gida a ɗaure zuwa hukuma.

Da wannan kalmar Shitu ya cuci Goggo Laraba, yayar babansa. Ta sa shi ya nemo mata maganin ƙafa, shi kuwa ya cusa buƙatar sare bishiya a cikin ɗaurin. Magani da masu zarto rana ɗaya suka iso. Lemon da mahaifinta ya dasa ya faɗi, Shitu ya sami wurin ajiye mota.

Ta jira har ranar sauya kalma ta zagayo. Babba a gida ke zaɓa. Ta dogara sandarta zuwa akwatin karɓar kalma da ke zaure, ta yi masa raɗa.

Da la'asar Shitu ya dawo, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

"Goggo, mece ce sabuwar kalmar?"

"Hansatu," ta amsa daga ciki.

Sunan mahaifiyarsa ne, wanda bakinsa bai taɓa furtawa ba. Ga ta can tsakar gida tana tsince shinkafa, ga maƙwabta zaune a dakali.

"Goggo, don Allah..."

"Ɗaga murya, ɗana, ƙofar ba ta ji sosai. Amma ka rage sauran murya, famfo ma sai ka kira masa ita kafin ka yi alwala."