Yashi a Buhun Citta

"Mama, gyara zama, za a karanta hukunci," in ji lauyana.

In Kotun Ƙoli ta ba shugaban 'yan cittar garinmu gaskiya, sai na durƙusa tsakiyar kasuwa na ce sharri na yi masa. Ni fa mata uku kawai na gaya wa, a wurin niƙa, cewa yana zuba yashi a buhun citta. Ya maka ni kotu a Kafanchan, ya sha ƙasa, ya yi ta ɗaukaka ƙara har jikata ta yi aure ta haihu.

A Abuja ba a bar ni na ce uffan ba, lauyoyi ne ke magana. Alƙalai biyar suka ce ba a hukunta wanda ya faɗi gaskiya. Amma sai da na tsakiyarsu ya karanto maganata tiryan-tiryan, 'yan jarida suna rubutawa.

A bakin ƙofa na tari mutumina, ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, na gode," na ce. "Ni mata uku na iya gaya wa. Kai ka gaya wa Najeriya."