Inna Ta Ce Kada In Matso

Tun da aka saka wa ɗaliban makarantar makafi 'yar na'ura a kunne, ba wanda ya ƙara faɗawa kwata ko ya bi baƙo. Ita ke gaya wa yaro inda zai taka, kuma da muryar mahaifiyarsa take magana, don ya yarda da ita.

Ranar ziyara Ladidi ta iso daga ƙauye da ƙullin dambu, mura ta sa muryarta ta dushe. Ta hango 'yarta Kubura tana tafe ba sanda.

"Kubura, ga Innarki."

Yarinyar ta tsaya, ta karkata kai tana sauraron kunnenta, sannan ta ja da baya.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Inna ta ce kada in matso, ba ta san ki ba."

Ladidi ta durƙusa ta miƙa fuskarta, yadda suka saba tun Kubura na rarrafe.

"To shafa ki ji, 'yar nan."

Kubura ta ɗaga hannu, ta sake saurarawa, sai ta mayar da shi bayanta ta ɓoye.