Takalmin Tanimu

Tun da aka kafa dokar, duk tsohon gari a ƙasar Sifen da mazaunansa suka gaza arba'in rufe shi ake yi, a kwashe cocinsa dutse-dutse zuwa birni. Ranar ƙidaya kowa sai ya shiga coci kafin ƙarfe sha biyu, na'urar da ke dokin ƙofa ta karanta ɗan ƙarfen da ke tafin takalminsa.

A garin Baldelira su arba'in ne cif, har da Tanimu, makiyayin tumaki ɗan Maraɗi. Bai taɓa shiga cocin ba, amma tsohuwa Eulaliya ta roƙe shi, domin a farfajiyar cocin kabarin mijinta yake.

Saura minti ɗaya Tanimu ya iso a guje, ya wuce ma'aikatan kwashe coci da ke jira da tsani, ya shige. Ƙofa ta rufe kanta. Allon ƙidaya ya nuna talatin da tara.

"Wa ya rage?" in ji Eulaliya.

"Ai ga ni, Iya."

Ta dubi ƙafafunsa. Babu takalmi.

"Ɗakin ibada ne fa, Iya," ya ce a hankali. "Yaya zan shigo da takalmi?"

A waje suka ji an jingina tsani da bango.