Bayan Katangar Maƙabarta

Ranar da ciyawa ta fi geronsa tsawo, Alhaji ya ajiye girman kai ya tafi gidan sarkin makaɗa. Tun da aka kewaye maƙabartar garin, aka bar kaburburan makaɗa a waje, makaɗan garin suka rataye gangunansu. Ba kiɗan noma, ba gayya. Samari sun ce fartanya ba ta tafiya shiru. Shi kuwa Alhaji, da sandarsa ya zana inda katangar za ta bi.

"Baba, a duba mini, gonata za ta lalace. Ga rago na kawo."

Tsohon ko kallon ragon bai yi ba. Ya ja Alhaji bayan katanga, inda shanu suka tattake komai, ya tsaya gaban wani kabari da ya lotsa.

"Alhaji, wannan ne ya yi kiɗa ran sunanka. Gaishe shi."

Alhaji ya ɗaga hannu, addu'a ta ƙi fitowa.

Da hantsi garin ya ji wani sauti, mutane suka fito da gudu suna zaton ganga ce ta dawo. Guduma ce a hannun Alhaji, tana dukan katanga.