'Yan Matan da Suka Ɓace a Lissafi

"Sake lissafawa, Yeo-jin," in ji Farfesa Pyo, malaminmu na ƙididdiga.

Na sake. Aikin da ya ba mu shi ne kowa ya auna haihuwar garinsu da kai-sukwaya, gwajin da ke kwatanta abin da ake tsammani da abin da aka samu. Shekarar da aka haife ni, jarirai ɗari huɗu aka yi a garinmu. Kamata ya yi mata su kusa ɗari biyu. Ɗari da hamsin na samu.

"Wannan giɓin ba haka kawai ya zo ba," ya ce. "Da hannun mutane."

Ran Asabar na je gida, na tarar da Umma tana barbaɗa wa kabeji gishiri.

"Umma, ina sauran 'yan matan sa'o'ina?"

Ba ta ɗago kai ba. "A lokacin, da na'urar asibiti ta nuna mace ce, sai a zubar da cikin. Kakanki ma magaji yake so."

Na rungume ta. "Amma ke kin ƙi."

Ta zame jikinta a hankali.

"Ban ƙi ba, 'yar nan. Likitan ne ya yi kuskure, ya ce namiji ne."